Yayana Pencho da Goɗiyarsa

Duk baƙon da ya sauka a ƙauyenmu yana neman labarin fim ɗin nan na 'yan fashi biyu, ƙofar yayana Pencho ake nuna masa. Yau shekara shida da rasuwarsa, amma har yanzu sai a zo a ƙwanƙwasa mini, in fito hannu duk gari in ce ba ya duniya. Wasu marasa kunya sai su ce to ni in ba su. Ba na bayarwa. Labarin da suke so na san shi, na ji shi daga bakin yayana ya fi sau dubu, kuma ƙarya ne, ko da yake shi kansa bai san ƙarya yake shara wa mutane ba sai da ya kai shekara saba'in da biyu. Yau dai na ga dama, zan faɗi yadda aka yi.

Fulgencio ne sunan da aka raɗa masa a coci, amma in ka cire Fada da mai kawo wasiƙa babu mai kiransa haka. Ni ce ƙanwarsa Virtudes, ya ba ni shekara biyar. Mun tashi kamar kowane yaro a bayan Almeriya, can ƙasar Turai, muna hawa duwatsu muna cirar esparto, ciyawar nan mai taurin tsiya da muke tufka igiya da kwando da ita. Ruwan sama kuwa sai mu yi wata takwas ba mu sa shi a ido ba. Ranar da aka yi shi, ko yayyafi ne, kowane gida sai ya ɗora kaskon migas, soyayyen garin alkamar nan namu, a ci a yi murna. Pencho ba mai magana ba ne. In ka tambaye shi lafiya, sai ya yi tunani tukuna. Amma ka bar shi da jaki ko alfadari, sai ka ji yana ta hira ƙasa-ƙasa har ka leƙa ka ga wa ya zo.

Maganar da ba ya yi, amininsa Ginés ne yake yi masa. Tare suka yi ɗan karatun da suka yi, tare suka yi aikin soja, kuma Ginés ne ya riƙe 'yar Pencho a coci ranar baftismarta. Dogo ne, kyakkyawa, ga baki, zai iya sayar maka da takalmin da ke ƙafarka ka yi masa godiya. Kada in ɓoye, ni ma ina budurwa na so shi a raina. Allah ya tsare ni, ya auri wata.

Sai masu fim suka zo. Italiyawa ne da Amurkawa da wasu jajayen Jamusawa, suka dubi busasshiyar ƙasar nan da muke tsine wa safe da yamma suka ce ai ita suke nema, a nan za su yi fina-finan kaboyi. Cikin shekara biyu babu namijin da ya rage a ƙauyen wanda ba a harbe shi a gaban kyamara ba. Mai gidan burodinmu sau goma sha ɗaya aka rataye shi. Ni kuma na samu aiki a tantin ɗinki, ina gyara rigunan da za a mutu a cikinsu. Ginés ya tsinci Italiyanci da ɗan Turanci a bakin direbobi, nan da nan ya zama shi ne mai gaya mana abin da baƙin suke nufi, shi ne kuma mai gaya musu abin da muka ce.

Pencho kuwa ya ja alfadarin Baba ya kai kasuwar dabbobi, ya dawo da wata ramammiyar goɗiya ja mai fari a goshi. Baba ya yi sati bai amsa gaisuwarsa ba. Pencho ya sa mata suna Lucera, ya fara koya mata faɗuwa.

Yadda masu fim suke yi a lokacin, in suna son doki ya faɗi, sai su tare hanya da igiya, a sako shi da gudu ya sarƙe. A kyamara abin yana yin kyau ƙwarai. Dokin kuwa in ya tashi ya tashi, in bai tashi ba a harbe shi a ja gefe. Pencho ya ga haka sau ɗaya, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Shekara biyu ya yi da Lucera a busasshen kogin bayan gari. Da farko a tsaye, ya lanƙwasa mata ƙafa ya kwantar da ita a hankali ya ba ta busasshen ɓaure. Daga nan a tafiya, daga nan a sassarfa, har ta kai tana cikin sukuwa in ya ja linzami dama ya danna mata gwiwa a kafaɗar hagu, sai ta juya kai ta zube a gefenta, ƙura ta tashi, ka rantse harsashi ne ya same ta. In ya yi fito sai ta miƙe ta kaɗe jiki ta zo tana cusa hanci a aljihunsa. Matarsa takan ce da goɗiyar ta iya girki da tuni an sallame ta.

Yana kuma da doka ɗaya, wadda duk mahayan garinmu a wurinsa suka koya: ba a sukuwa a ƙasar da ba ka taka da ƙafarka ba. Kafin kowace faɗuwa sai ya haƙa wurin, ya tsince duwatsu, ya zuba yashi da ƙaiƙayi, ya ajiye farin dutse a gefe don alama. Sannan ya bi hanyar da za a yi gudun tun daga farko har ƙarshe da ƙafa, kansa a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ko darakta zai tsage don ihu, sai ya gama takawa yake hawa.

Shekarar da aka zo yin wancan fim ɗin Pencho yana da talatin da biyu. Labarin wasu 'yan fashi biyu ne da suka tsere daga kurkuku, sojoji na binsu, su kuma suna neman kan iyaka. Manyan 'yan wasan biyu da aka kawo daga waje ba su iya hawa ba, ɗayan ma atishawa yake in doki ya matso kusa da shi. Don haka duk inda ka hango su daga nesa suna sukuwa, yayana ne da Ginés a cikin rigunansu, Ginés a kan wani baƙin ingarma, Pencho a kan Lucera.

A ƙarshen fim ɗin za a harbi dokin na baya ya faɗi. An ɗauka sau biyu, sau biyun Lucera tana zubewa daidai kan farin dutse, darakta yana tsayar da kyamara nan take yana jifa da hularsa don fushi. Wani gajeren mutum ne mai tumbi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma don ina ganin girmansa ba. Muka tambayi Ginés me yake cewa.

"Wai faɗuwar ta yi tsabta da yawa," in ji Ginés. "Wai kamar matar attajiri za ta kwanta a katifa. Igiya yake so."

"Gaya masa ya ɗaura wa uwarsa," in ji Pencho. Ban taɓa jin zagi a bakinsa ba sai ranar.

Ginés ya je, suka daɗe suna magana a bayan motar kyamara, ya dawo yana murmushi. "Na shawo kansa, mutumina. Babu igiya. Gobe da hantsi a sake ɗauka sau ɗaya yadda ka saba, shi ke nan."

Washegari rigar Pencho ta yage a hammata, kuma dole ta zama daidai da ta ɗan wasan. Ni na riƙe shi a tanti, yana tsaye hannu sama ina ɗinke ta a jikinsa. Yana ta cewa, "Virtudes, yi sauri, ban taka ba." Ina cewa, "Yaya, tsaya wuri ɗaya ko in soke ka." A waje ana ta busa usur, wai rana za ta wuce inda ake sonta. Sai Ginés ya leƙo.

"Kwantar da hankalinka, na taka maka. Tun daga bakin kwari har farin dutse, ko tsakuwa babu."

Pencho ya dube shi. "Duka ka taka?"

"Duka. Haba, ni ne fa."

A rayuwarsa sau ɗaya ke nan ya hau bai taka ba. Na yi shekara da shekaru ina cin kaina a kan hammatar rigar nan.

Ina kan tudu tare da sauran matan ɗinki na ga abin. Suka taso, Ginés a gaba da tsawon doki huɗu ko biyar, ƙurarsa tana rufe na baya. Ni idona yana kan yayana. Saura taku talatin su kai farin dutse, a kan ƙasa mai tauri wadda ba a haƙa ba, sai na ga Lucera ta kife. Ba irin faɗuwarta ba ce. Kanta ya shige ƙarƙashinta, ƙafafun baya suka yi sama, ta juya ta faɗo a kan mahayinta. Har tudun muka ji ƙarar. Ginés ya ci gaba da gudu, can sai ya ja linzami da ƙarfi har baƙin dokin ya miƙe tsaye, ya juyo, ya dawo a guje, ya diro tun dokin bai tsaya ba, ya janye Pencho daga ƙarƙashinta, ya rungume kansa a ƙirji. Kyamara ba ta tsaya ba, tana ta ɗauka.

Ƙafafun Lucera na gaba duka biyu sun karye. Kafin mu sauko daga tudun har an janye igiyar da aka tare hanyar da ita, guntu kawai na gani a ƙasa, ta esparto ce, kalar yashi. Ana ɗauke da Pencho a kan ƙyauren wata ƙofa za a kai shi mota ya ji ƙarar bindiga. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɓaure, ya riƙe shi har asibiti.

Ƙugunsa ya karye wuri biyu. Wata bakwai yana kwance, ya tashi da ɗingishi, bai sake hawa doki ba. Kullum Ginés yana zuwa, shi yake juya shi a gado, shi yake yi masa aski. Ya rantse da kabarin uwarsa ya taka hanyar babu komai. Ya ce bayan ya taka ne la'anannun baƙin suka binne igiyar a yashi, wani ya laɓe a bayan itace, yana wucewa aka ja ta sama. Ya kuma gaya mana abin da ya zama labarin yayana na shekara arba'in. Wai a takardar fim ɗin ɗan fashin na gaba ba ya dawowa, wucewa yake ya tsallake iyaka ya tsira.

"Ni dai na waiga na ga ba ka tashi ba," in ji shi, "sai na manta da fim, na manta da kyamara. Na ce in za su kore ni su kore ni."

Wai da darakta ya ga yadda abin ya fito sai ya canza ƙarshen labarin gaba ɗaya. Ɗan fashin ya dawo wa abokinsa, sojoji suka cim musu, aka kashe su tare.

Ba a kori Ginés ba. Fim na gaba ma shi aka naɗa shugaban mahaya, duk mai son a ɗauki dokinsa sai ta hannunsa. Muka ce ya cancanta. Da kasuwar kaboyi ta mutu, baƙin suka kwashe kayansu suka bar garin katakon da suka gina a bakin kwari, Ginés ya karɓe shi ya mai da shi wurin 'yan yawon buɗe ido, ana harbe-harben wasa sau biyu a rana. Ya ba Pencho kujera a inuwar barga, yana tufka ragama yana gyaran sirdi. Duk gari ana sa wa Ginés albarka, wai ya riƙe gurgun abokinsa. Da matar Pencho ta rasu, nawa mijin ma ya riga ta, sai na koma gidansa ina yi masa girki. Kowace Lahadi a teburinmu Ginés yake cin abinci, kuma ni da hannuna nake zaɓa masa tsoka mafi kyau a cikin zomo.

"Virtudes, da na san haka kika iya zomo, da ke na aura."

"Da ni ka aura da tuni ciyawa ta rufe kabarinka. Ci ka yi mana shiru."

Sai su share tebur su dasa domino. Ginés yana maguɗi ƙiri-ƙiri, Pencho yana gani ya ce, "Fito da wanda ke hannun rigarka, ɗan fashi." Shi kuma ya ce, "Ji wanda ke magana, kai da aka harbe wa doki." Haka suke kiran juna, haka ma duk gari yake kiransu, 'yan fashi.

Fim ɗin kuwa ya zagaya duniya. Pencho ya ƙi zuwa birni ya gan shi a silima, ya ce ba zai zauna a kujera ya kalli mutuwarta ba. Sai bayan shekara goma sha biyu aka nuna shi a talabijin ɗin shagon kofi na dandali, ya shigo bai sani ba, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa har aka gama. Tun daga ranar ya kamu. Da bidiyo ya fito 'yarsa Reme ta sayo masa kaset ɗin, ya yi ta kallo har hoton ya fara rawa. A talabijin, in an zo wurin, Lucera kaɗai ake gani tana gudu tana faɗuwa. Sannan hoton ya koma kan Ginés yana sukuwa, har ya ja linzami ya juyo.

Ni na tsani fim ɗin. Wata rana na ce masa, "Yaya, me kake gani a ciki ne? Ɓarayi biyu ne da ba sa wanka, daga ƙarshe a kashe su."

"Ba ki gane ba," in ji shi. "Ba don harbin mutane suke kallo ba, harbi ai kowane fim akwai. So suke su ga an juyo domin wani. Kowa yana zaune yana tambayar kansa, ni in na faɗi wa zai juyo? Ni kuwa ba sai na tambaya ba."

A gida ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Amma a barga, in motar baƙi ta sauke mutane, sai ka ga mutumin da ba ya gaisuwa sai ya yi tunani ya zama mai ba da labari. Ya nuna musu ƙugunsa, ya nuna musu kwarin, daga ƙarshe ya nuna Ginés da sanda ya ce, "Wancan mai furfurar, shi ne. Ba a rubuta ba, shi ya ga dama." Na ga wata mata daga Japan tana kuka wiwi tana riƙe hannun Ginés. Shi kuwa sai ya ɗaga hula ya ce a bar tone-tone, ya shige barga. Mu muna cewa kunya ce.

Da fim ɗin ya cika shekara arba'in, magajin gari ya sa aka kawo sabon kwafi da aka gyara, za a nuna a zauren taro da majigi ƙarfe biyar na yamma, a kuma karrama tsofaffin biyu. Pencho ya sa na goge masa kwat ɗin da ya aurar da Reme a cikinta. Ginés kuwa tun sati guda yake ƙorafin ciwon baya.

"Mutumina, mun gan shi sau ɗari. Mu zauna a dandali mu buga domino, in an gama a kira mu."

"Tashi, tsoho. Yau zan ga Lucera da girmanta."

Aka ja labule, aka kashe fitila. Ni ce a tsakaninsu. Ashe duk shekarun nan rabin fim ɗin talabijin yake nuna mana, yana yanke gefe da gefe. A nan hoton faɗi ne da shi kamar bangon coci, duwatsun da ba mu taɓa gani a ciki ba duk suka fito. Aka zo wurin. Ga Lucera a tsakiya, ga baƙin dokin can ƙarshen dama, daidai inda talabijin yake yankewa. Yana cikin sukuwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, babu dutse, babu rami, sai na ga Ginés ya ɗan ɗaga daga sirdi, dokin ya tattara ƙafafu ya yi tsalle. Ɗan ƙaramin tsalle ne, a kan abin da ido ba ya gani. Kafin ka ƙifta sau biyu Lucera ta iso daidai wurin ta kife.

Ni da ba mahayiya ba, da ban ɗauke shi komai ba. Amma Pencho ya damƙe wuyan hannuna har sai da na ji a ƙashi. Na dubi ɗaya gefen. Ginés ba allon yake kallo ba, takalminsa yake kallo.

Aka gama, aka yi ta tafi, wasu suna share hawaye. Magajin gari ya kira su gaba ya ba kowannensu lambar tagulla, ya ce su rungumi juna a ɗauki hoto. Suka runguma. Hoton yana nan a rataye a zauren har yau, shi ya sa ba na shiga.

A waje rana ba ta faɗi ba tukuna. Pencho ya ja ƙafa har bencin da ke gindin zaitun a bayan zauren, ya ce wa Ginés ya zauna. Ni ba a ce in zauna ba, ba a kuma ce in tafi ba, sai na tsaya.

"Dokinka ya yi tsalle, Ginés."

"Wataƙila maciji ya gani, ko wata inuwa."

"Ka ɗaga daga sirdi tun saura taku uku. Ni na koya maka. Igiyar tana ɗaure tun kafin ka iso, kuma ka san inda take."

Ginés ya juya lambar tagullar a hannu. Can ya ce, "Darakta ya rantse mini tuntuɓe kawai za ta yi. Ya ce in ba a yi ba zai kawo mahaya daga Madrid, mu duka mu koma cirar esparto. 'Ya'yana huɗu a lokacin, Pencho."

"Wa ya ɗaura?"

"Ni. Amma wallahi ƙasa-ƙasa na sa ta, ƙasa da yadda ya ce."

Nan na fashe. Na ce, "Shekara nawa kana cin zomona, ɗan banza? Shekara arba'in ina ganin laifin allurata, kana kallona!" Pencho ya ɗaga mini hannu. Na yi shiru, ban san dalili ba, don ni ba a ɗaga mini hannu.

"Wannan na ji," in ji Pencho. "Kana da 'ya'ya, ka ji tsoro, ka ɗaura. Mutum ne kai. Abu ɗaya nake so in sani. Juyowar da ka yi, kai ka juyo?"

Wallahi da Ginés ya yi ƙarya a nan, da yayana ya karɓa hannu bibbiyu. Na gani a fuskarsa, roƙo yake a yi masa ƙarya. Ni ma da nake jin kamar in shaƙe mutumin, a zuciyata cewa nake, yi ƙaryar mana, ai ka iya. Amma bakin da ya yi shekara arba'in yana zuba, ranar ya gaji.

"A takardar take tun farko," in ji shi. "Darakta ya ce in na ji faɗuwar kada in waiga. In ƙirga biyar, sannan in juyo."

Pencho ya gyaɗa kai kamar an gaya masa gobe ma babu ruwa. Ya dafa sanda ya miƙe, ya bar lambarsa a kan bencin, ya ce, "Virtudes, mu je gida."

Da safe na tarar da shi a falo ya yi wanka ya shirya, kofinsa ya huce bai taɓa ba, kaset ɗin yana kan cinyarsa.

"Sa mana."

"Yaya, me kuma za ka gani? Ba ni nan in jefa shi a murhu."

"An ce masa biyar," in ji shi. "Amma wa ya sani ko ya kai biyar ɗin? Ya san ƙarar faɗuwarta, ya ji ta sau ɗari, ya san wannan ba ita ba ce. Wataƙila a uku ya juyo." Ya ɗago ya dube ni. "Ko huɗu ne ya ishe ni. Ni in na ƙirga zan ja shi. Ke ki ƙirga, ke ba za ki yi masa alfarma ba."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na safiyar nan ba, ban kuma taɓa jin baƙin ciki irinsa ba. Na sa kaset ɗin, na tura shi har wurin. Na yi niyya a raina in ja lissafin, in yi numfashi tsakanin kowace lamba, in ba shi huɗunsa ya je ya huta. Amma Lucera tana kifewa ya fara buga sandarsa a ƙasa, daidai-daidai, yadda mahaya suke ƙirga in za su juya, ba dama in saɓa.

Ɗaya, biyu, uku. Baƙin dokin yana ta gudu, mahayin bai waiga ba. Huɗu. Ina cewa biyar ya ja linzami.

"Mayar baya."

Sau uku muka maimaita. Biyar ne cif.

"Kashe," in ji shi. Na kashe. Ya zauna yana kallon baƙin gilashin, can ya ce, "Da ma tun a makaranta ya fi ni lissafi."

Bai sake taka bargar ba. Ginés ya zo Lahadi uku a jere ya tsaya a ƙofa yana ƙwanƙwasawa, ban buɗe ba, Pencho ma bai ce in buɗe ba. Ya yi shekara uku a duniya bayan nan, yana tufka igiyar da babu mai buƙata a tsakar gida. Baƙi ba su daina zuwa ba, don sunansa yana cikin littafin 'yan yawo. In sun ƙwanƙwasa sai ya ja ƙafa ya buɗe da kansa, ya tsaya ya saurare su har su gama tambayar labarin 'yan fashin nan biyu da juyowar da ba a rubuta ba. Sai ya ce musu, "Goɗiyar sunanta Lucera," ya rufe ƙofa.